Ranar da Baban Ann Ya Hau Kwano

Tun ranar da jirgin ƙasa na farko ya iso Fatakwal da mutanen da suka tsero daga Arewa, Andrawus bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Kullum da safe sai ya tafi tasha ya tsaya a jikin shinge yana duba fuskokin masu saukowa, wasu da ƙullin kaya a ka, wasu hannu rabbana, wasu kuma a kan ƙyaure ake sauko da su. Matarsa Edith yake nema. Ita Ibo ce, 'yar Anacha. Shi kuwa mutumin Kagoro ne, aikin waya ya kawo shi Kudu tun zamanin Turawa, a nan ya yi aure, a nan ya ajiye aiki. Da farkon damina Edith ta tafi Bukuru wajen 'yarsu Ann da ta haihu, don ta yi mata wankan jego. Tana can rikicin ya ɓarke.

Tarho ya mutu, gidan waya ba ya kawo komai daga Arewa. Zuwa tashar ma sai da ya daina, ranar da wani mutum mai ɗaure da tsumma a ka ya tsura masa ido ya tambaye shi ɗan ina ne shi. Ana cikin haka aka yi shela cewa duk wanda ba ɗan Gabas ba ne ya tattara ya koma garinsu. Mutanen unguwar Hausawa ta Diyobu aka ce musu ranar Litinin jirgi zai kwashe su.

Kowa ya shiga ɗaure kaya, ban da Andrawus. In Edith tana Bukuru da ranta, shi zai fara shiga jirgin. In kuwa ta kamo hanya, wa za ta tarar? Ɗayan tunanin, na uku, ba ya yarda ya zauna masa a rai. In ya zo sai ya miƙe tsaye ya nemi abin taɓawa.

Abin da ya samu ya taɓa shi ne ƙarfen da ke bayan ɗakinsa. Eriyar wani tsohon jirgin ruwa ce da ya tsinto a bakin kwata wajen masu tarkace, dogon bututu da ake haɗa shi gaɓa-gaɓa ya tsaya cak yana kallon sama. A dā, duk ranar Lahadi bayan la'asar, da ita yake hira ta rediyo da Ernest, abokin aikinsa na dā wanda yanzu yake gyaran lantarki a wani kamfanin kuza a Bukuru. Wata guguwa ta karya gaɓar sama, gwiwarsa kuma ta fara ciwo, sai ya bar abin. Edith ta ɗaura igiya a jikin ragowar ƙarfen tana shanya. Amma Ernest ya taɓa gaya masa cewa shi har gobe yana kunna tasa na'urar ran Lahadi, ko da shirrr kawai zai ji.

Ranar Juma'a ya kwance igiyar shanyar, ya naɗe ta a hankali ya ajiye a kan gadon Edith. Iskar Fatakwal mai gishiri ta ci ƙarfen, mahaɗan duk sun yi ja da tsatsa. Ya zauna a kan turmi da sanfefa yana gogewa har farin ƙarfen ya fito, yatsunsa suka yi ɗanye. Tangaran ɗin da ke gindi, wanda ke hana ƙarfen taɓa ƙasa, ya tsage gida biyu. Ya nemo kwalba mai kauri, ya tallafe bututun da katako ya ɗora shi a wuyanta. Ranar Asabar ruwa ya wuni yana zuba. A cikin ruwan ya tono tsoffin wayoyin tagullar da ya binne a tsakar gida, waɗanda suka bazu daga gindin ƙarfen kamar saiwar bishiya. Duk inda ya tarar ta tsinke sai ya kankare ya liƙe da dalma, yana kare wutar da tsohuwar laima.

A haka Gimba ya same shi ranar Lahadi da rana. Gimba direban lori ne, Bagwari, mai ɗauko albasa daga Arewa zuwa kasuwar Mayil Tiri. Lorin tana nan a tasha an sace mata ƙafafu biyu, shi kuma ya rasa wurin zuwa sai gidan abokin wasansa.

"Ɗan Kagoro, mutane suna ɗaure tabarmi, kai kana shuka waya? Yaushe za ta yi 'ya'ya?"

"Riƙe mini nan," in ji Andrawus, ya miƙa masa gaɓar saman da ya miƙar da guduma.

Gimba ya karɓa ya jinjina nauyinta, ya dubi sama, ya dubi abokinsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Kai, da gaske kake? Ka san abin da ake faɗa a gari kuwa? Cewa ake 'yan Arewa suna da rediyon ɓoye suna kiran soja. Jiya a gaban idona aka fasa wa wani kai saboda akwatin ɗinki, an ce na'ura ce."

"Ba soja zan kira ba. Ernest zan kira."

"Su za ka tsaya yi wa bayani? To ji nan. In dai sai ka yi, yi da sauri. Hau, soka, sauko, kamar ɓarawon kaza. Kada ko tari ka yi."

Andrawus ya jingina tsani a jikin bango, ya ɗora ƙafa a matakin farko, sai ya tsaya.

Ba a iya soka gaɓar saman sai daga tsororuwar kwanon ɗakinsa. Daga can kuwa ana hangen tsakar gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, don shingayen unguwar duk na tsohon kwano ne da zana, ba su fi tsayin mutum ba. Gidan da ke jikin nasa na Malam Nasidi ne, limamin unguwa, iyalinsa ba sa fita. Haka gidajen da ke biye. Da rana irin wannan mata suna tsakar gida da ɗaurin ƙirji, masu wanka na wanka, masu tsifa na tsifa. A unguwar nan namiji ba ya hawa sama, ko yoyo zai toshe, sai ya ɗaga murya ya nemi gafara an shiga ɗaki.

"Me kuma?" in ji Gimba.

"Sai an sanar da mata."

"Wayyo ni Gimba! Runtse ido ɗaya mana! Tsoho da kai, me za ka gani wanda zai hana ka barci?"

"Ba don ni ba ne."

"To aika wa Malam a asirce."

"Maza duk suna gidan Sarkin Hausawa ana tsara tafiya. Ba za su dawo ba sai magariba, ni kuma la'asar nake so."

Gimba ya buɗe baki, Andrawus ya riga shi. Ya ce lokacin da ya zo unguwar nan da mata Ibo da Littafi Mai Tsarki a hammata, ba wanda ya yarda ya ba shi ɗaki. Malam Nasidi ne ya ce a bar shi ya zauna a jikin shingensa. Tun kafin a haifi Ann suke tare, bai taɓa leƙa gidan mutumin nan ba, ba kuma zai fara ana jibi rabuwa ba.

"Gobe ne rabuwar, ba jibi ba," in ji Gimba. "Ka ga har lissafi ya ɓace maka."

Andrawus bai kula shi ba. Ya je jikin shingen ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa a hankali, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Hajaratu ce ta amsa, uwargidan Malam, ƙawar Edith, wadda ta koya mata tuwon shinkafa ita kuma ta koya mata miyar agushi, duk ta saman wannan shingen.

"Baban Ann, kai ne? Ina wuni? An ji wani labari?"

"Lafiya lau, uwargida. Babu tukuna. Wata alfarma nake nema. Zan hau kwano na ɗan lokaci. Ki sa mutanen gida su shiga ɗaki, ki kuma gaya wa na kusa. Amma a hankali, don Allah."

"Kwano? Gobe za mu tafi, yoyon me za ka gyara?"

Da ya ce mata yoyo ne da shi ke nan. Amma bai iya ba, don ya ji yadda muryarta ta yi rawa da ta ce an ji wani labari. Ya gaya mata gaskiya: ƙarfen nan zai tayar, ya yi magana da Bukuru, ya ji ko Maman Ann tana raye.

Ya ji ta ja numfashi, ta yi salati, ta fyace hanci da gefen zani.

"Allah ya sa a dace, Baban Ann. Hau abinka. Ba wanda zai ji."

Ya koma wajen tsani. Bai kai ga kama shi ba ya ji muryarta daga ɗaya ɓangaren gidanta, wajen shingen Baiwa, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi.

"Baiwa! Ke Baiwa! Ku shiga ɗaki, Baban Ann zai hau sama!"

"Wa zai hau?"

"Baban Ann! Ƙarfensa zai tayar ya yi magana da Arewa!"

"Da Arewa? Yau ɗin nan? Alhamdu lillahi! Rahamatu! Ke Rahamatu, kwashe 'ya'yanki ku shige, Baban Ann zai hau ya kira Arewa!"

Haka maganar ta yi ta tsallake shinge, daga wannan baki zuwa wancan, yadda aka saba isar da ita kullum, sai dai yau da murna a cikinta. Ƙofofi suka yi ta rufuwa. Gidan ƙarshe yana bakin titin da 'yan kasuwar Mayil Tiri ke bi, kuma yaran gidan, haihuwar Fatakwal, suka fita waje da gudu suna shela da Turancin kasuwa: "Papa Ann wan call North! E go talk for wire!"

Gimba ya dafe kai da hannu biyu ya zauna a kan turmin.

"Shi ke nan. Sun yanka mu, sun kuma yi mana addu'a."

Andrawus ya tsaya riƙe da tsani. Zai iya fasawa. Zai iya jefa gaɓar a kwata, in an zo ya ce surutun mata ne. Ya dubi inuwar bango ya ga ta fara tsawo. Ya ce wa Gimba ya miƙo masa in ya kai sama, ya fara hawa, gwiwar tana ƙara a kowane mataki.

Kwanon yana da santsi saboda ruwan jiya. Ya rarrafa har tsororuwa, ya karɓi bututun, ya kafa idonsa a kan mahaɗin bai waiwaya ko'ina ba. Daga cikin ɗakunan da aka rufe muryoyi suka riƙa tasowa.

"Baban Ann, ka tambaya mana Zariya lafiya?"

"Ka ce a gaya wa Bappa a Gombe muna tafe!"

"Ka tambaya ko gadar Makurɗi tana nan, an ce an karya ta!"

Gaɓar ta ƙi shiga, ya murɗa, ta ƙi, ya tofa mata yawu ya sake murɗawa da dukan ƙarfinsa, ta zauna. Ya ɗaure ƙusar, ya wurga wa Gimba igiyoyin da za su riƙe ta. Sai da zai juya ya sauko idonsa ya faɗa kan titi. Mutane sun tsaya, masu tura baro da mata masu kwanduna a ka, kansu a ɗage. Wani yana nuna shi da hannu. Wani kuma ya juya ya nufi wajen caji ofis da sauri.

A ɗaki na'urar tana kan tebur, ya riga ya share mata ƙura. Ya kunna, ya jira fitilun cikinta su yi ja. Ɗakin ya ɗauki warin ƙura mai zafi. Lasifika ta fara shirrr, can wani yana magana da Faransanci, can wani kiɗa ya shigo ya fita. Ya murza a hankali har inda suka saba haɗuwa, ya ɗauki makirfo, ya faɗi lambar Ernest, ya faɗi tasa, ya saki maɓallin ya saurara.

Shirrr kawai.

Ya sake kira. Gimba yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana cewa hayaniya tana ƙaruwa a titi. Ya sake kira, muryarsa ta dushe a tsakiya, ya gyara ta ya ƙarasa. Sai ga wata murya siririya kamar daga ƙasan rijiya.

"Andrawus? Kai ne? Yesu mai ceto! Ina wuni, ina gajiya, yaya mutanen..."

Na'urar ba ta barin mutum biyu su yi magana lokaci ɗaya. Dole ya jira gaisuwar ta ƙare, yana matse gefen tebur. Da Ernest ya saki, ya danna.

"Ernest, bar gaisuwa. Edith. Gaya mini Edith."

Muryar ta nutse, ta taso.

"Tana da rai! Ka ji ni? Tana da rai. Mijin Ann ya kai ta ƙauyensu ya ɓoye ta a rumbu. Ta ji ciwo a hannu amma tana tafiya da ƙafarta. Ann lafiya, jariri lafiya."

Andrawus ya kifa goshinsa a kan teburin. Bai san yana kuka ba sai da ya ga ɗigon a kan katako. Gimba ya cire hula yana ta faɗin alhamdu lillahi. Amma Ernest bai gama ba.

"Ka saurara da kyau. Mun yi mun yi ta zauna, ta ƙi. Ta ji an ce ana kashe 'yan Arewa a Fatakwal. Ta ce ita za ta zo ta tsaya a ƙofarka ta yi musu Ibo, ba wanda zai taɓa ka tana tsaye. Shekaranjiya muka sa ta a jirgin da soja ke rakawa. Tana hanya, wajenka za ta zo. Kada ka motsa daga gidan nan, ka ji? Kada ka..."

Aka bankaɗe ƙofar gida. Wani sajan ɗin 'yan sanda ya shigo ɗakin da kurata biyu, bayansu tsakar gida ta cika da mutane. Gimba ya tare su da murmushi yana cewa ai tsoho ne yake sauraron ƙwallo, wani kurtu ya kwaɗa masa mari ya faɗa jikin gado. Sajan ya kama wayar da ta shigo ta taga ya fizge. Lasifikar ta yi shiru.

Andrawus ya miƙe. Ya san sajan ɗin, ya taɓa gyara masa rediyo. Ya yi masa magana da Turancin kasuwa, ya haɗa da ɗan Ibon da ya koya a bakin Edith. Ya ce matarsa 'yar'uwarsu ce, 'yar Anacha, tana cikin jirgi tana zuwa. Ya ce su ɗauki na'urar, su ɗauki komai, su kulle shi a ɗakin nan in sun ga dama, amma su bar shi ta zo ta same shi.

Sajan bai ɗaga murya ba. Idonsa ja ne kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba.

"Papa, everybody get person for road. My own brother never come." Wato kowa yana da nasa a hanya, shi ma ɗan'uwansa bai iso ba. Ya nuna tsakar gida da haɓa. Ya ce in ya bar shi a nan, kafin duhu mutanen nan za su cinna wa unguwar wuta gaba ɗaya, da mata da yara. Ba zai rubuta masa laifi ba. Amma yanzu zai kwashe kowa zuwa tasha a kwana a hannun hukuma, shi kuma Andrawus da hannunsa zai sa shi a jirgi.

A waje samari sun kama igiyoyin suna ja. Ƙarfen ya yi tangaɗi, kwalbar gindi ta fashe, ya faɗo a kan shingen Malam Nasidi ya kwantar da shi. Matan gidan suna tsaye a tsakar gida da mayafai, a gaban idon kowa. Hajaratu ta dubi Andrawus sau ɗaya, ta rufe fuskarta da hannu biyu.

Ya roƙi sajan abu ɗaya, kada a sa wa ɗakin kwaɗo, don in Edith ta iso ta samu ta shiga. Sajan ya ce to, amma bai dube shi ba.

Washegari jirgin ya tashi da su. Malam Nasidi ya ratso mutane ya zo ya zauna kusa da shi. Ya ce an gaya masa yadda aka yi, ya ce Allah ya saka da alheri, Allah kuma ya sada su. Andrawus ya ce amin. Aba ta wuce, Umahiya ta wuce, ruwa yana bugun taga.

Bayan Inugu aka tsayar da su a wata 'yar tasha a cikin daji, aka ce jirgin da ya nufi Kudu zai wuce. Andrawus ya tashi ya tattake kayan mutane har ya kai taga, ya tura rabin jikinsa waje. Gimba ya riƙe masa riga ta baya. Jirgin ya taho a hankali, a cike har saman rufi, fuskoki a kowace taga sun haɗu sun zama abu ɗaya. Ya yi ta kiran sunanta. Wata mata mai ɗaurarren hannu ta juyo, ba ita ba ce. Mutanen ciki suna kallonsa, ba wanda ya ɗaga hannu. Bai ma san ko jirginta ne ba, ko nata ya riga ya wuce, ko yana baya. Taragon ƙarshe ya shuɗe, ya bar hayaƙi a kan ciyawa.

"Shigo, ɗan Kagoro," in ji Gimba a hankali. "Ruwa yana dukanka."

Bai shigo ba sai da nasu jirgin ya motsa.